Idan kaya ya rufto wa lebura, kar a fara kawo mana shi



Kai mai gini a Babban Giji ko Gyaɗi-Gyaɗi, da kai mai sito a Singa ko Dawanau, da ku nake. Buhun siminti kilo 50 ne, na masara yakan kai 100. Ka sa an jibga su har rufi, ba a harɗe su ba, ƙasa kuma ba daidai ba, sannan yaro ya zari na ƙasa. In ya rufto sai ka ce ƙaddara. Na'am, mun yi imani da ƙaddara, amma ba ta ɗauke lamuni. Malaman Malikiyya sun ce mai bangon da ya karkata, aka gargaɗe shi ya ƙi gyarawa alhali yana da iko, in ya faɗa wa mutum shi zai biya. To ina ga tulin da kai ka ce a ƙara masa layi? Ku tuna dalar gyaɗa: gindi faɗi, sama tsukakke, kowane buhu ya hau kan biyu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne bayan faɗuwar. A ciccibe yaro, a naɗe shi cikin adaidaita sahu, a kawo wa mai magani ko mai ɗori. Ni mai sayar da magani ne, amma wallahi ba saiwar da ke haɗa lakar da ta tsinke. Wani ma ba buhun ne ya nakasa shi ba, ɗaukar ce.

In yana kukan wuya ko gadon baya, ko ƙafafunsa sun yi sanyi ba ya jin su, kar a zaunar da shi, kar a ja, kar a murza man zafi. Mutum ɗaya ya riƙe kansa, a kwantar da shi a miƙe kan faffaɗan katako. Amai, gyangyaɗi, jini ta kunne, ko ciki ya yi tauri, duk na asibiti ne ko da ya tashi da ƙafarsa. Kar a ba shi ruwa ko jiƙo, ƙila a yi masa tiyata.

Asibitin Malam Aminu Kano ga shi nan a titin Zariya, na ƙashi yana Dala. Kuɗin hoto da na gado kuma, Alhaji, daga aljihunka za su fito, ba daga ladan dakonsa ba.

A tura wa magina da masu sito. Wassalam.