Ruwan asuba, daga ina yake tasowa?



Shekarar da na bar Maraɗi na koma Yamai karatu, wani abu ya riƙa ɗaure mini kai. Sau da yawa ruwa mai ƙarfi sai dare ya raba, ko gab da kiran sallar asuba, yake sauka. Na ɗauka dacewa ce kawai. Ashe akwai dalili.

Galibin hadarin daminarmu da la'asar yake haɗuwa, bayan rana ta gasa ƙasa, musamman a kan duwatsun Abzin. Daga nan iskar gabas ta koro shi yamma, yana gudun kusan kilomita 50 a awa guda. Kafin ya ratsa ta Tawa ya iso bakin kogin Isa, an doshi asuba, mutane na tsakiyar barci.

To, mi ke sa wani hadarin ya mutu a hanya, wani ya kwana yana tafiya? Danshi ne. Shi kuwa danshin, iskar damina ce ke ɗauko shi daga tekun Gine, kuma ƙarfinta na da alaƙa da tekunan da ba mu taɓa gani ba. Duk bayan shekara 2 zuwa 7 ruwan tekun Fasifik yakan ɗumama fiye da ƙima, abin da ake kira El Nino. A irin waɗannan shekarun damina ta fi yin rauni a Sahel, hadari ya yi ƙaranci, ruwa ya ɗauke kwana da kwanaki hatsi na tsaye. Farin 1972 zuwa 1973 ya zo tare da El Nino. In abin ya juya, wato La Nina, ko arewacin tekun Atalantika ya yi ɗumi, danshi yakan yawaita, hadari ya yi tsawon rai, ruwan dare ya ƙaru.

Nan ne maganar ta shafi rayukanmu. Ruwan rana, kana gani kana kwashe kaya. Ruwan dare kuwa, katangar laka kan mai barci take faɗawa. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, har tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe.

Kuma ba masana muka rasa ba. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, ACMAD ma nan take, ga ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa. Kowace shekara ana fitar da hasashe kafin ruwan shuka. Amma yawancinsa da Faransanci yake fitowa, da taswirar da manomin Dakoro ba zai iya karantawa ba.

Abin da muke nema ba shi da wuya. A riƙa ba da gargaɗin hadari da Hausa, da Zabarmanci, da sauran harsunanmu, a gidajen rediyon karkara da saƙon salula, a faɗi gari, a faɗi lokaci. Hadarin da ya taso da la'asar, tauraron ɗan Adam na ganin shi awowi da dama kafin ya iso.

Mu kuma masu waya a hannu, in gargaɗi ya zo mana, mu maida shi saƙon murya, mu tura wa iyaye a ƙauye da liman na unguwa tun kafin a kwanta. Mu yashe magudanun ruwa tun watan Mayu.

Ruwa na Allah ne, amma sanarwa aikinmu ce. Allah ya ba mu damina mai albarka.