Rigimar iyaye da lakwal: sulhu na son doka a bayansa

In rigima ta tashi tsakanin lakwal da iyayen yaro mai buƙata ta musamman, kowa sai ya ce a yi sulhu. Ba mu ƙi ba. Amma sulhu tsakanin darektan da ke riƙe da rajista da uban da ke roƙon a karɓi ɗansa kurma, in babu doka a bayan uban, sunansa lallashi.

Mu dubi Amurka, wadda ta daɗe cikin wannan gardama. Dokar 1975 ta ba naƙasassun yara haƙƙin karatu kyauta a makarantun gwamnati, ta kuma buɗe wa iyaye ƙofar shari'a. A 1978 iyayen Amy Rowley, wata yarinya kurma, suka nemi a ba ta mai fassara da hannu cikin aji. Kotun Ƙoli ba ta yanke hukunci ba sai 1982, kuma makaranta ta ba gaskiya, wai tun da yarinyar tana wucewa daga aji zuwa aji, ya isa. Shekara huɗu! Ga ɗan firamare, wannan ya fi rabin karatunsa.

Tsada da jinkirin shari'a suka sa a 1997 aka wajabta wa jihohi tanadin mai shiga tsakani, wanda jiha ke biya, ba ma'aikacin makarantar ba, kuma ba a tilasta wa kowa zuwa gabansa. A 2004 aka ƙara cewa in iyaye sun kai ƙara, hukumar makaranta ta zauna da su cikin kwana 15, a nemi daidaitawa cikin kwana 30 kafin a saurari ƙarar. Sai dai kotu ta rage wa iyaye ƙarfi: a 2005 ta ce wanda ya kawo ƙara shi zai kawo hujja, a 2006 ta ce ko sun yi nasara ba za a mayar musu da kuɗin ƙwararrun da suka ɗauka ba. Talaka ya san ma'anar wannan.

Abin da ya fi daraja cikin dokar, a ganinmu, ƙa'ida ce ƙarama: muddin ana gardama, yaro na nan a ajin da yake, sai in ɓangarorin biyu sun yarda da canji. Makaranta ba ta iya cin nasara da jan lokaci alhali yaro na zaune gida.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. In za a damƙa irin wannan sulhu ga kwamitocin lakwal, inda darekta kansa ke zaune, to a rubuta cikin doka cewa mai shiga tsakani daga waje zai zo, da kwanakin da aka ba shi, da ofishin da uba zai nufa in an kasa, kuma sunan yaro ya tsaya cikin rajista har a gama.