Me Shugaban Kamfani Ke Ƙirgawa a Yamai?

Shagunan aika kuɗi sun cika Tahoua. Nita, Al Izza, Amana, BNIF Afuwa, kowanne da launin fentinsa, kuma harkar ta kai Keita da Bouza da Abalak. Dalilin a fili yake: Adar, wato wannan yanki na Tahoua, ƙasar ƴan bida ce. Abin da ake turowa daga Abijan da Libiya da Najeriya shi ke sayen hatsi idan rumbu ya ƙare kafin sabon gero ya nuna. Yanzu ma harkar ta shiga cikin waya, da manhajoji irin su MyNita.

Abin da ya dame ni shi ne tambayar da shugaban irin wannan kamfani ke yi wa ma'aikatansa a ƙarshen wata. Kamfanin da ke girma da gudu yakan ƙirga abin da ke da daɗin faɗa a taro: rassa nawa aka buɗe, mutum nawa suka sauke manhaja. Shi kuwa ma'aikaci, inda aka sa mudu can yake zuba hatsi. A Amurka, bankin Wells Fargo ya ɗora wa ma'aikatansa adadin asusun da za su buɗe, sai suka riƙa buɗewa da sunan mutane ba da saninsu ba. A 2016 aka ci bankin tarar dalar Amurka miliyan 185.

Andy Grove na kamfanin Intel ya fito da wani tsari, wanda John Doerr ya kai wa Google a 1999: buri kaɗan, kowanne da alamar da za a auna a san an kai ko ba a kai ba. Da ni za a tambaya, burin kamfanin aika kuɗi a arewacin Adar guda ne. Matar da mijinta ya turo wa jika ashirin ta karɓe su a ranar, ba tare da ta biya ɗan kabu-kabu zuwa da dawowa sau biyu ba. Ma'auninsa kuwa, sau nawa aka ce wa mutum "babu kuɗi, dawo gobe", sau nawa aka ce "rezo ya ɗauke". Ƙarancin tsabar kuɗin da ya biyo bayan takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar a 2023 ya nuna mana cewa lamba a waya ba ta sayen tiyar gero in mai shago ya ce sai a hannu.

Wannan ƙidaya ba ta yi wa shugaba daɗi, shi ya sa ake gudunta. Kuma ba daga Yamai ake gyara ta ba. Shugaban reshe na ƙauye ya san ranar kasuwar garinsa, ya san aike na ninkuwa gab da Sallar Layya da lokacin shuka. A ba shi ikon neman ƙarin kuɗi tun mako guda kafin nan, a kuma daina hukunta shi don ya rubuta yawan mutanen da ya mayar gida hannu wofi.