Wa Ya Rufe Ƙofar Kofin Duniya na Kurket?



Daga 1975 zuwa 2023, sau 13 aka buga gasar cin kofin duniya ta kurket ta maza, wato ta wasan yini ɗaya, amma tawaga shida kacal suka taɓa ɗaga kofin. Ostiraliya sau shida, West Indies sau biyu, Indiya sau biyu, sai Pakistan da Siri Lanka da Ingila, kowacce sau ɗaya. Wasu za su ce ai gwanayen ke nan. To, mu duba yadda wasu daga cikin sunayen nan suka shiga jerin.

A 1975 da 1979 'yan Karibiyan, wato West Indies, ne ke da fili. Clive Lloyd na jan ragama, Viv Richards na dukan ƙwallo, babu mai ja da su. Indiya kuwa wasa ɗaya tak ta ci a gasannin nan biyu, shi ma a kan tawagar Gabashin Afirka. Wannan Indiyar ce Kapil Dev ya jagoranta zuwa filin Lord's na Landan a 1983, ta tara maki 183 kawai, ta tsayar da West Indies a 140, ta tafi gida da kofi. Siri Lanka fa? Lokacin da aka ba ta kujera a 1975, ba ta cikin sahun manyan ƙasashen kurket. Kujera takwas ce gaba ɗaya, aka ware biyu don ƙanana. Bayan shekara 21, a 1996, Arjuna Ranatunga ya karɓi kofi a Lahore, bayan yaransa sun doke Ostiraliya. Ko a fagen dambe, sai an bar sabon yaro ya shiga fili ake sanin ko zai iya kada shago.

Tun daga 1996 ɗin nan, sabon suna ɗaya ne ya shiga jerin, wato Ingila a 2019, ƙasar da ta haifi wasan. Me ya faru? Kuɗin talabijin, jama'a. Kuɗin talabijin.

A 2007 tawaga 16 suka hallara a Karibiyan. Ranar 17 ga Maris, Bangaladash ta doke Indiya, Ailan ta doke Pakistan, a rana guda. Indiya da Pakistan duka suka fita tun zagayen farko. A wajen mai son wasa wannan abin murna ne, don shi ne amfanin gasa. A wajen masu riƙe da akalar wasan kuwa asara ce, domin miliyoyin masu kallo sun kashe talabijin, masu talla sun ɓata rai. Sai aka fara matse ƙofa: 14 a 2011 da 2015, sannan 10 a 2019 da 2023, da tsarin kowa ya kara da kowa, yadda kowace babbar ƙasa ke da tabbacin wasa tara a gaban kyamara ko da ana lallasa ta kullum. A ganina an yi wannan ne don kada abin da ya faru a 2007 ya sake faruwa. Ƙwallon ƙafa ta faɗaɗa gasarta daga ƙasa 32 zuwa 48, kurket kuwa ta rage tata. Kuɗin talabijin.

Ku bar ni in ɗan tsaya a Harare, domin abin yana ci mini rai har yau. A watan Maris na 2018 aka buga wasannin share fage a Zimbabuwe, tawaga goma na neman kujera biyu. Zimbabuwe ba ta taɓa rasa gasar ba tun 1983, shekarar da ta doke Ostiraliya a wasanta na farko. Nasara ɗaya take buƙata a kan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Fili ya cika maƙil, a ƙasar da talaka ke fama da tsadar rayuwa amma ya fito don 'yan wasansa. Ruwan sama ya katse wasa, aka sake lissafi, Zimbabuwe ta gaza da maki uku. Maki uku! Kwana ɗaya kafin nan Sukotlan ta rasa tata kujerar da maki biyar a hannun West Indies, bayan wani hukunci da ya jawo ce-ce-ku-ce, a gasar da ba a tanadi na'urar sake duba hukuncin alƙalin wasa ba. Akwai kuɗin na'ura idan manya na wasa, amma ranar da ake yanke makomar ƙanana babu. Wannan wane irin adalci ne?

Kenya ta doke West Indies a 1996, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2003. Na san rigingimun cikin gida sun taimaka wajen durƙusar da ita, amma sau nawa manyan ƙasashe suka gayyace ta wasa bayan nan? A 2014 ta rasa matsayinta na wasan yini ɗaya. Ita kanta West Indies, mai kofi biyu na farko, ba ta samu shiga gasar 2023 ba, bayan Zimbabuwe da Holan da Sukotlan sun doke ta a share fage, alhali gwanayenta da yawa sun karkata ga gasannin gajeren wasa inda kuɗi yake.

Kuma duk lokacin da aka ɗan buɗa, ƙananan na nuna kansu. A 2023 Afganistan ta doke Ingila da Pakistan da Siri Lanka, Holan ta doke Afirka ta Kudu. Mu ma nan abin ya shafe mu: samarin Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya ta matasa a 2020, 'yan matanmu kuma sun doke Niyu Zilan a Malesiya a farkon 2025. Idan yaran nan suka girma, ina za su buga?

Ina kira ga masu riƙe da akalar wasan, don girman Allah su daina auna gasar duniya da ma'aunin masu talla. An ce a 2027 za a koma tawaga 14, a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya. Madalla, amma 14 ba ta kai 16 ɗin da aka yi shekara ashirin kafin nan ba, kuma hannun da ya ƙara yau shi ne ya rage jiya. Su mayar da 16, su rubuta shi a doka, su tilasta wa manya karawa da ƙanana tsakanin gasa da gasa. Ku sani, a tsarin da aka fitar, Namibiya da za ta karɓi baƙi a filayenta ba a ba ta kujera kai tsaye ba, an ce sai ta bi layin share fage.