Ya Zo Na Ɗaya, Amma Ya Iya Karatu?

Duk ƙarshen zangon karatu, yaranmu na Darini da sauran ƙauyukan Batsari da Safana kan dawo gida da takardar sakamako. Abu ɗaya muke tambaya: na nawa ka zo? In ya ce na ɗaya, sai murna. Amma ’yan’uwa, matsayi a aji kwatanta yaro ne da abokansa kawai. A ajin da babu mai iya haɗa baƙi da wasali ma, dole wani ya zo na ɗaya.

Tun da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, manufar ilimi ta ƙasa ta ce a riƙa auna yaro a kai a kai cikin shekara, ba a ranar jarrabawa kaɗai ba. Manufar tana da kyau. Sai dai malamin da yara suka yi wa yawa yakan koma ga bita da baki: ya faɗa, aji ya amsa. Yaro ya haddace allo, ya ci maki, alhali in an canza masa shafi sai ya tsaya cik.

Akwai wani gwaji da ake kira EGRA. Ana zaunar da yaro shi kaɗai, a ba shi minti ɗaya ya karanta haruffa, wani mintin kalmomi, sa’an nan ɗan labari, a tambaye shi abin da ya fahimta. Da aka yi shi da Hausa a Bauchi da Sakkwato a 2013, mafi yawan ’yan aji biyu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Irin wannan matsala ce shirin RANA na UNICEF ya zo magancewa a Katsina da Zamfara daga 2015, da koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa.

Mu a gefen dajin Rugu buƙatarmu ta fi haka. Hare-haren ’yan bindiga, da rufe makarantu bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020, sun yanke wa yara da yawa karatu. Yaron da ya yi gudun hijira yakan dawo a sa shi ajin shekarunsa, ba ajin iyawarsa ba.

Saboda haka mu roƙi hedimastoci su gwada kowane yaro tun farkon zango. A gida kuma mu ba shi shafin da bai taɓa gani ba, mu saurara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.