Raddi Ga Mai Cewa "Zest" Yaji Ce

Wani malamin fassara ya tsaya gaban ɗalibansa ya ce kalmar Turanci "zest" ba ta da wata ma'ana sai yaji. Hujjarsa wai duk abin da ya motsa harshe ɗan'uwan barkono ne. Haba malam! In haka ne, ai tsamiya ma barkono ce.

Mu koma tushe. Turawan Ingila sun aro kalmar daga Faransanci, "zeste", a shekarun 1670, kuma ɓawon lemo take nufi. Ɓawon ma ba duka ba: fatar waje mai launi, ban da farin da ke ƙarƙashinta, wanda ɗaci ne da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai lemo a tasha ya ga abin da idonsa. Yana feraya da reza, ɓawon na saukowa a murɗe, wani ɗan mai na fesowa, ƙamshinsa ya kama hannu ya ƙi saki. To, wannan man ake nema idan aka goga ɓawon lemon tsami a kan kek ko kifi. Mafi yawansa sinadarin limonene ne, zafin attaruhu kuwa daga capsaicin yake. Ɗaya hanci yake fara kamawa, ɗayan harshe yake ƙonawa. Ina aka haɗu? Mai girkin da ta ga "zest" a littafi, ta bi fassarar malam ta ɗebo yajin tsire, ta yi asarar fulawarta da ƙwanta.

Malamin ya kuma ce idan aka siffanta mutum da kalmar, zafin rai ake nufi. Wannan ma ba haka ba ne. A littafinsa The Conquest of Happiness na 1930, Bertrand Russell ya ware wa kalmar babi guda, ya kwatanta ta da yadda mai jin yunwa ke zama gaban abinci. Sha'awa ce da karsashi, babu fushi a ciki ko kaɗan.

Batun cewa Hausa ba ta da kalmar da ta dace kuwa, bai cancanci dogon bayani ba. Kullum muna cewa kiɗa ya ƙara wa biki armashi.

Saboda haka, ɗalibai, in a girki ne ku ce ɓawon lemo, in a mutum ne ku ce karsashi, in a taro ne ku ce armashi. Malam kuma ya koma aji ya gyara abin da ya faɗa.