Shin Gambo Sawaba Ma 'Yar Kwangila Ce?

A wani zama da muka yi na marubuta kwanan baya, wata 'yar'uwa ta karanta mana gajeren labarinta a kan wata mata da mijinta ya rasu, ƙannensa suka cinye gonar marayu. Ba ta ko ninke takardar ba, wani babban yaya a cikinmu ya gyara zama ya ce wai irin wannan rubutu aikin 'yan kwangilar Turawa ne, wai maganar haƙƙin ɗan Adam da 'yancin mata kayan aro ne da aka shigo mana da su don a lalata tarbiyya. Aka yi dariya aka wuce. Ni kam ban yi dariya ba, domin ni mutumin ƙasar 'Yankwashi ne, kuma matan da aka yi wa haka na san su, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kunya ta hana ni tanka masa a gaban jama'a, don haka zan amsa a nan, ya yi mini gafara.

Yaya, wane Bature ne ya ba Hajiya Gambo Sawaba kwangila? An haife ta a 1933, aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, ta shiga NEPU a Zariya tana da 17, karatunta na boko bai wuce firamare ba. Ta zo Kano tana bi gida-gida tana yi wa matan kulle bayanin siyasa, aka kama ta, alƙali ya ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga garin. Sau 16 tana shiga kurkuku. An yi mata duka, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba. Kuma a lokacin da ta fara wannan gwagwarmaya Bature ne ke mulkin ƙasar, En'e ke riƙe masa da kotu da 'yan doka da gidan yari. To in dai akwai masu aikin Bature a wancan zamani, ai sai a neme su cikin masu riƙe da mabuɗin kurkuku, ba cikin wadda aka kulle ba. Abin da take nema bai wuce a bar mace ta yi karatu ta kuma jefa ƙuri'a ba. A zaɓen 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, iyayenmu na Arewa suna gida, ba su samu dama ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Yau kowane ɗan takara yana alfahari da dogon layin mata ranar zaɓe, amma a zaɓen 2023 kujeru 30 na Majalisar Dokokin Jigawa babu mace ko ɗaya a kai.

Wannan kalma ta "ba namu ba ne" tsohon makami ce, kuma kullum mai iko ne ke zaro ta. Mahaifin Gambo mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya, amma talakawan Arewa ba su tambaye ta asali ba kafin su bi ta. A 1980 gwamnatin Shagari ta ɗauki Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Borno, ta tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta mayar masa da haƙƙinsa. Mun yi shekaru muna tsine wa wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu a waƙa da wasan kwaikwayo, kuma mun kyauta. Amma a garuruwanmu har gobe ana fasa aure don an gano saurayi jikan maƙera ne ko mahauta, ko an tono cewa kakarsa baiwa ce. Wannan kuwa alƙalaminmu ya ƙi taɓa shi.

Je ka Karkarna ko Roni ko Gwiwa ko Babura ka zauna da dattawa, ka tambaye su yadda ake karɓar haraji da jangali a da. Za su ba ka labarin magidancin da aka shanya a rana, da wanda ya sayar da akuyar matarsa, da wanda ya gudu ci-rani ya bar iyali. Kafin 1991 duk yankin nan Jihar Kano ne, kuma gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ce ta soke harajin da jangalin a 1979. Ba daga Ingila umarnin ya zo ba. Manoma da teloli da masu tebur ne suka yi shekara kusan 30 suna shan ɗauri a kansa tun kafa NEPU a 1950. Kai, tun kafin su ma, Shehu Usmanu ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi, ya kuma yi tir da malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci a Nurul Albabi. Ko shi ma Mujaddadi aro ya yi?

Ba zan ƙi gaskiya ba, yaya yana da abin kamawa. Akwai masu cin abinci da sunan talaka, waɗanda aikinsu taro a otal, a ɗauki hoto, a raba kuɗin mota, a rubuta rahoto da Turanci a aika wa mai ba da tallafi. Ni ma ba su burge ni. Amma don ɓarawo ya sa rawani ba a cewa a daina naɗi. Mai son ya ga inda abin yake da amfani ya tuna watan Nuwamba na 2022, da aka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda 'yan kalmomi da ya rubuta a Twitter a kan matar shugaban ƙasa na lokacin, har aka tsare shi a gidan yarin Suleja. Hayaniyar ɗalibai 'yan'uwansa da lauyoyi da masu kare haƙƙi ce ta sa aka janye ƙarar. Ya kuma tuna 1 ga Nuwamba, 2024, da aka gurfanar da yaran Arewa a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, bayan sun yi kusan wata uku a tsare saboda zanga-zangar tsadar rayuwa, wasu suka faɗi sumammu a gaban alƙali. Da kowa ya kama bakinsa don gudun a kira shi ɗan kwangila, wa zai fito da su?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ji wannan magana a bakin marubuci. A 2007 a Kano an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya, daga baya hukumar tace fina-finai ta ce kowane marubuci sai ya yi rajista. Wace kalma muka riƙa faɗa a lokacin, in ba 'yancin faɗin albarkacin baki ba? Ashe in wuta ta kama littafinmu haƙƙi ne, in ta kama gonar marayu kuma aro ne.

Ita kuwa 'yar'uwar tamu, na ga ta cusa labarinta cikin jaka, ba ta sake cewa uffan ba har aka tashi. Ina roƙon Malam Edita ya neme shi ya buga mana a fitowa ta gaba, yaya kuma in yana da raddi ya kawo a rubuce, da sunan Baturen da ya biya ta.